Yadda za ka buga Yaƙin Maldon na 991 a kan tebur

Tambaya: Na ga masu jera ƙananan sojojin roba a kan tebur suna sake buga yaƙe-yaƙen tarihi da tef ɗin awo da ɗan ludo. Ni zamanin 'yan Viking a Ingila ne yake burge ni. Da wane yaƙi zan fara, me zan saya, kuma yaya ake yi wasan ya yi kama da abin da ya faru?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da Maldon. Na san yawancin sababbin shiga idonsu a kan Hastings na 1066 yake, to amma wancan yaƙin Ingilishi ne da Normawa, kuma yana neman dawakai da maharba masu yawa, aikin fentinsa kaɗai zai cinye maka shekara. A Maldon kowa a ƙasa ya yi faɗa, kayan ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne, filin kuma ba shi da girma. Sannan yaƙin yana da wani ƙulli a tsakiyarsa wanda in ka iya warware shi, ka iya shirya kowane yaƙi na wannan zamani. A kan ƙullin nan zan fi daɗewa, domin sayen sojoji da shafa musu fenti kowa ma zai koya maka.

Ga labarin a taƙaice. A 991, zamanin Sarki Ethelred na biyu, wata rundunar 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, ta zo gaɓar kudu maso gabashin Ingila. Littafin tarihin Ingilishi na wancan zamani ya ce jirage 93 ne. Sun washe Folkestone da Sandwich da Ipswich, a watan Agusta suka shigo bakin kogin Blackwater a yankin Essex, wanda a lokacin ake kira Pante. Wurin da aka fi yarda sun sauka shi ne tsibirin Northey, kusa da garin Maldon. Abin da ya haɗa tsibirin da tudu wata siririyar hanya ce wadda ruwan teku yake rufewa in ya ciko, ta bayyana in ya janye, kuma har yau haka take. Wanda ya fito ya tare su shi ne Byrhtnoth, babban hakimin Essex, dattijo mai furfura wanda yake riƙe da wannan sarauta tun 956.

Yawancin abin da aka sani daga wata tsohuwar waƙa ta Ingilishin da aka samo shi. Baiti 325 ne suka rage, farkonta da ƙarshenta sun ɓata, asalin takardar ma ta ƙone a gobarar wani ɗakin littattafai a Landan a 1731, Allah ya sa an riga an kwafe ta. Waƙar ta ce Byrhtnoth ya sa mutanensa suka sauka daga dawakai aka kora su baya. Manzon 'yan Viking ya tsaya a gaɓa ya ɗaga murya ya nemi a biya su dukiya su tafi, dattijon ya mayar masa da cewa mashi da takobi ne kawai abin da za su samu. Ruwa ya ciko, ba mai iya taɓa wani sai da kibiya. Da ruwa ya janye, mutum uku, Wulfstan da Aelfhere da Maccus, suka tsaya a bakin mashigin suka hana kowa wucewa. Da 'yan Viking suka ga ba ci, sai suka roƙi a bar su su haye a gwabza a fili. Byrhtnoth ya yarda. Suka haye, aka yi arangama, aka kashe shi, wani Godric ɗan Odda ya ɗare kan dokin ubangidan nasa ya tsere tare da 'yan'uwansa biyu, jama'a da dama suka zaci hakimin ne da kansa ya gudu, sahu ya watse. Mutanen gidansa suka tsaya suka yi ta faɗa a kan gawarsa. Bayan haka, bisa shawarar babban limamin coci Sigeric, aka biya maharan fam 10,000 na azurfa.

To ga ƙullin. In ka shimfiɗa wannan a tebur kamar yadda yake, ka ba abokinka rundunar Ingilishi, ba zai taɓa barin a haye ba. Wa zai bari? Zai toshe mashigin da zaratansa, ya zauna yana shan shayi, kai kuma kana turo mutum uku-uku ana sassare su. Karo na farko da na shirya Maldon abin da ya faru ke nan: muka kwashe kusan awa biyu ana jefa ɗan ludo a kan wuri mai faɗin yatsu uku, sauran sojojin da na yi watanni ina fenti suna tsaye kamar masu jiran mota. Wasu suna magance wannan ta hanyar fara wasan bayan an riga an haye. Hakan yana aiki, kuma in gaggawa kake yi ba laifi. Amma a ganina ka zubar da naman ka riƙe ƙashi, domin ainihin Maldon shi ne wannan shawara ta dattijon.

Mawaƙin ya ce ya yarda ne saboda ofermod, kalmar da masana suka daɗe suna jayayya a kai, wasu su ce girman kai take nufi, wasu su ce tsananin jarunta. Ko wacce ce, ka dubi halin da mutumin yake ciki. Abokan gaba suna da jirage, shi ba shi da su. In ya hana su hayewa, ba abin da zai hana su komawa jiragensu su ɓulla a wata gaɓa gobe, inda babu runduna. Mutanensa kuwa yawancinsu manoma ne da aka yi wa gayya, ga watan Agusta lokacin girbi, ba za a riƙe su har abada ba. Gaba kura, baya sayaki. Yau ce ranar da ya same su wuri ɗaya, kuma wataƙila ba zai sake samu ba. Aikinka na mai shirya wasa shi ne ka sa wanda yake riƙe da Ingilishi ya ji wannan matsi a jikinsa, har ya kai ga shi da kansa ya ce a bar su su haye.

Ga yadda nake yi. Wasan zagaye goma sha biyu ne. A zagaye biyu na farko ruwa a cike yake, maharba kaɗai ke aiki, kowa kuma yana gyara sahu. Daga zagaye na uku mashigin ya buɗe. A ƙarshen kowane zagaye, mai 'yan Viking yana da zaɓi uku: ya ci gaba da matsawa ta mashigin, ya roƙi fili, ko ya fara loda mutanensa a jirgi. In ya loda ya tafi da fiye da kashi biyu cikin uku na rundunarsa, mai Ingilishi ya faɗi, domin an je an ƙone wani gari a ƙasar da aka ba shi amana. Sai dai shi ma mai 'yan Viking nasarar da ya samu ƙarama ce, maki ɗaya. Babbar nasara, mai maki uku, ita ce ya karya rundunar Essex a fili, don ita ce take jawo biyan azurfa. Da wannan tsari kowannensu yana son a gwabza, kowannensu kuma yana tsoro. Za ka ga suna ciniki a bakin tebur, wannan yana cewa ja da baya inci goma sha biyu in haye, wancan yana cewa takwas. Ranar da ka ji wannan ciniki, wasanka ya kama hanya.

Akwai sharaɗi ɗaya da za ka ƙara wa mai 'yan Viking. Wani tarihin rayuwar Waliyyi Oswald da aka rubuta 'yan shekaru bayan yaƙin ya ce su ma sun sha kashi, har da ƙyar suka samu masu tuƙa jiragensu. Saboda haka in ya yi asarar rabin mutanensa, ko ya ci filin, ka rage masa maki. Mahari dukiya ya fito nema ya koma gida da ransa, bai kamata ɗan wasa ya riƙa zuba su kamar tsakuwa ba.

Sai batun karyewar zuciya, wanda shi ne rabi na biyu na wasan. A irin wannan yaƙi ana jera garkuwa jikin garkuwa a yi katanga, a yi ta turereniya da sukar mashi ta sama da ta ƙasa. Muddin katangar tana tsaye ba a cika mutuwa da yawa ba, kisan yana zuwa ne bayan wani ɓangare ya juya baya. Dokokinka su nuna haka. Rukunin da yake manne da maƙwabtansa hagu da dama ka ba shi ƙarin kariya, wanda gefensa ya buɗe ka cire masa. Ka raba Ingilishi gida biyu: mutanen gidan Byrhtnoth, waɗanda suke ci daga hannunsa, ya ba su dawakai da zobba, da kuma 'yan gayya. In dattijon ya faɗi, kowane rukunin gayya ya jefa ɗan ludo, wanda ya samu ɗaya ko biyu ya watse. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mutanen gidansa kuwa ba sa jefawa. Suna samun ƙarin ƙarfi, amma daga nan ba su da ikon ja da baya ko taku ɗaya, kuma duk zagayen da suka ƙara suna tsaye a kan gawar, mai Ingilishi yana samun maki.

Wata dabara da nake ji da ita: Godric biyu ne a waƙar. Akwai ɗan Odda da ya gudu, akwai kuma ɗan Aethelgar da ya tsaya ya yi faɗa, har baitocin ƙarshe da suka rage suna jaddada cewa wannan ba shi ne wancan ba. Sai ka yanki kati biyu, ka rubuta Godric a bayan kowanne, a cikin ɗaya ka zana doki. Ka cakuɗa su, ka sa ƙarƙashin rukunai biyu na manyan mayaƙa ba tare da kowa ya gani ba. Sai Byrhtnoth ya faɗi ake buɗewa. Mai doki ya fice daga tebur, duk rukunin da yake cikin inci shida daga hanyar da ya bi ya sake jefa ɗan ludo. Mai Ingilishi ya san akwai maci amana a sahunsa tun farko, bai dai san ko wanne ba ne, kuma wannan kaɗai yana canza yadda yake jera mutane.

Kada ka ɓoye dattijon a baya. Ɗan wasa mai wayo zai so ya ajiye shi can nesa da mashi. Ka sa doka cewa rukunin da yake nesa da shi fiye da inci goma sha biyu ba ya karɓar umarni sai an jefa ɗan ludo an dace. Shugaban wancan zamani da murya da tuta yake jagoranci, dole ya kasance inda ake ganinsa.

Yanzu tebur. Ƙafa shida a ƙafa huɗu ya isa. Filawud ko tsohuwar ƙofa, ka shimfiɗa kore ko ruwan ƙasan zane. Tsibirin ya zauna a kusurwa ɗaya, ka yanke shi daga farin soson nan da ake kunshe firji da talabijin da shi, ka shafa farin gam na kafintoci, ka barbaɗa yashi mai laushi. Ruwan kada ka yi shi shuɗi kamar na hoton kalanda. Bakin Blackwater laka ce da fadamar gishiri, launin toka da ruwan ƙasa, ka shafa banish mai sheƙi a kai ya yi kamar jiƙaƙƙe. Mashigin ya zama faɗin soja uku daidai, tsawonsa kuma tafiyar zagaye ɗaya ko biyu. Binciken ƙasar wurin ya nuna mashigin ya fi gajarta a 991 fiye da yau, shi ya sa muryar manzo ta iya kaiwa ƙetare, don haka kada ka yi kogin ya cinye rabin tebur. Ka yanki leda mai kauri ko kwali mai launin ruwa da za ka ɗora a kan mashigin lokacin da ruwa ya ciko. A bayan Ingilishi ka sa ɗan kurmi, don waƙar ta ce can masu gudu suka nufa, ka ajiye dawakai biyu ko uku a gefensa.

Yawan sojoji lissafi ne mai sauƙi. Jirgin Gokstad da aka tono a Norwe a 1880 yana da matuƙa 32. In ka ɗauki wannan a matsayin ma'auni, jirage 93 sun ba ka wajen mutum 3,000. Ka ce kowane soja ɗaya a tebur yana wakiltar mutum 50, ka samu 60. Ka ba Ingilishi kusan haka, amma kashi ɗaya cikin huɗu kawai su zama manyan mayaƙa masu sulke, sauran 'yan gayya. A ɓangaren 'yan Viking masu sulke su ɗan fi yawa, tunda su yaƙi ne sana'arsu.

Girman da aka fi yayi shi ne milimita 28. Kamfanonin Gripping Beast da Victrix na Ingila suna yin na roba, akwati ɗaya yana ɗauke da tsakanin 40 da 60, a warwatse suke zuwa kai ne za ka haɗa hannu da kai da garkuwa. Akwati uku sun gama maka Maldon: ɗaya na 'yan Viking, ɗaya na manyan mayaƙan Ingilishi, ɗaya na marasa sulke, wanda za ka raba wa ɓangarorin biyu. In kuɗin aikowa ya yi nauyi ko wuri ya yi ƙaranci, milimita 15 ya fi araha kuma ya fi saurin fenti, daga nesa ma ya fi kama da runduna. Wanda kuma ba ya son ajiye mutum-mutumi a gidansa ba a bar shi a baya ba. Wasan yaƙin da hafsoshin Furusiya, wata tsohuwar masarauta ta Jamusawa, suka karɓa a 1824, wanda shi ne kakan wannan harka, da 'yan guntayen tubala ja da shuɗi ake yinsa a kan taswira. Kafinta zai yanka maka guntayen katako, ka zana garkuwoyi a gabansu, duk dokokin da na faɗa suna aiki yadda suke.

Wajen haɗawa akwai kurakurai uku da nake yawan gani. Na farko kwalkwali mai ƙaho. 'Yan Viking ba su sa shi a yaƙi ba, masu ɗinkin kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa shi. Kwalkwalin Gjermundbu da aka samu a Norwe a 1943 zagayayye ne mai kariyar ido kamar tabarau, yawanci kuma mai tsini ne da ƙarfen kare hanci. Na biyu garkuwa mai dogon wutsiya irin ta Normawa, wadda sai a ƙarni na 11 ta yaɗu. A Maldon zagayayyar garkuwar katako ce mai cibiyar ƙarfe. Na uku cika sahun Ingilishi da dogaran nan masu dogon gatari na hannu biyu. Waɗannan da Sarki Cnut suka shigo bayan 1016, ka ajiye su sai wani yaƙin. Makamin kowa mashi ne, takobi na masu hali ne. Maharba kaɗan suka isa, amma ka sa ɗaya a cikin mutanen gidan hakimin, domin waƙar ta ambaci Aescferth, wani ɗan Northumbria da ake riƙe da shi a matsayin jingina, wanda ya yi ta harbi bai ja da baya ba.

Fenti na ruwa, irin akirilik, shi ake amfani da shi. Ka fara fesa musu shimfiɗa ta ruwan ƙasa, sannan ka bi su goma-goma: fatar duka, rigar duka, garkuwar duka. Wanda ya ce sai ya gama ɗaya tsaf kafin ya taɓa na biyu, yakan gaji a soja na goma sha biyar. Sulke ya fi komai sauƙi, baƙi a ƙasa, ka goge buroshi har ya kusa bushewa ka shafa ruwan azurfa sama-sama, zobban su fito da kansu. In ka taɓa ganin sulken mahaya a hawan sallah ka san yadda ya kamata ya kasance, ba ya walƙiya kamar sabon kwano. Tufafi kuwa ulu ne da lilin da aka rina da saiwa da ganye: ja mai duhu, rawaya, da shuɗi daga wani ganye da sinadarin rininsa ɗaya ne da na babanmu na karofi. Manoma su fi yawan launin ulu marar rini. Garkuwoyin Gokstad rawaya da baƙi aka shafa musu bi da bi, ka iya aron wannan ga 'yan Viking. Da yake ɓangarorin biyu sun yi kama ƙwarai, ka shafa wa gefen mazaunin kowane soja launi, ja ga waɗannan, fari ga waɗancan, in ba haka ba da an cakuɗe ba mai gane nasa. Washa ta ƙarfe mai faɗin milimita 20 ko 25 tana yin mazauni mai kyau, tana kuma hana su faɗuwa in an bugi tebur.

Littafin dokoki kuwa, SAGA shi ne wanda za a fara nuna maka, kuma yana da daɗi, amma na ƙaramar arangama ne ta mutum talatin zuwa hamsin, kowa yana zirga-zirga, ba ya ba ka nauyin katangar garkuwa. Hail Caesar ya fi dacewa da Maldon saboda umarni yana iya ƙin isa ga rukuni, kuma rukunai suna tallafa wa juna. Lion Rampant yana da sauƙin koyo, rukuninsa mutum shida ne ko goma sha biyu. DBA kuwa guda goma sha biyu ne kowane ɓangare, a gama cikin awa ɗaya, ya dace da mai guntayen katako. Ko wanne ka ɗauka, ka ɗora masa abubuwan nan na ruwa da ciniki da katin Godric a kai. In akwai mutum na uku, ya zama alƙalin wasa, shi zai riƙe lissafin ruwa da maki.

Ka buga shi sau biyu a zama ɗaya, ku yi musanyar ɓangare, a haɗa maki. In ka lura kullum ɓangare ɗaya ke ci, kada ka taɓa yawan sojoji tukuna, ka fara da gyara makin tafiya da jirgi, don nan ne ma'aunin yake. In kuna son ci gaba, ku ɗaura sakamakon da abin da ya biyo baya: azurfar da aka biya ta tashi zuwa fam 16,000 a 994, 24,000 a 1002, har 48,000 a 1012, sai wanda ya ci Maldon ya shiga wasa na gaba da ƙarin rukuni ɗaya. Sojojin nan dai su ne za su yi maka Ashdown na 871, wanda Alfred ya yi kafin ya hau mulki, da Edington na 878 na zamanin sarautarsa ba tare da ka sayi komai ba. Stamford Bridge na 25 ga Satumba 1066 kuwa yana buƙatar ka ƙara dogarai masu gatari a ɓangaren Sarkin Ingila Harold Godwinson, ka kuma rage masu sulke a ɓangaren Sarkin Norwe Harald Hardrada, don yawancin mutanensa a jirgi suka baro nasu ranar. Shuɗin zane da gadar katako ɗaya kawai za ka ƙara a teburin.